Ranar da na rufe wa Masinja ƙofa

Kafin in fara, ina so mai karatu ya sani cewa shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, kuma na juya shi a raina har ban tabbata ko duk abin da nake tunawa haka ya auku ba. Mai yiwuwa na rage wani abu don in sassauta wa kaina, mai yiwuwa kuma na ƙara. Abin da na tabbatar shi ne, a lokacin ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, ina zaune a gidanmu da ke Abakpa ina jiran aiki, da digirina a fannin ƙwayoyin cuta. Ni mutum ne mai tsoron a kama shi da kuskure. A jami'a abokaina kan ce ko tambayata aka yi ko rana ta fito, sai na ce da alama. A wancan lokacin ina ɗaukar wannan hali a matsayin ilimi.

Mahaifinmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya shekara talatin da biyar yana sa hannu a fayil kafin ya yi ritaya. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina sakandare, kuma a shekarar ne, bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu, ya kawo wani jan kwikwiyo don gadi. Ya sa masa suna Masinja, wai don kullum yana gabansa kamar mai kai fayil ofishin babban sakatare. Baba ba ya wasa da tsarki. Karen bai taɓa shiga ɗaki ba, kwanonsa daban, makwancinsa can gindin mangwaro kusa da gareji, kuma akwai wata tsohuwar jallabiya da silifas da Baba ba ya salla da su, su yake sawa in zai kula da shi. Duk da haka a masallaci ana ce masa Alhaji mai kare, shi kuma yakan ce gara nasa, in ya ci masa tuwo ba ya zaginsa a bayan ido.

Da likita ya ce yana da hawan jini da ciwon suga, kuma lallai ya riƙa tattaki kullum, duk mun san ba zai yi ba, don a wurin Baba dattijo ya fita yawo ba dalili zubar da girma ne. Masinja ne ya zame masa dalili. Bayan la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai fitar da Masinja ya miƙe ƙafa. Su bi layinmu, su wuce shagon wani dattijon tela abokinsa, su kai bakin titin jirgi, su dawo kafin magariba. Ba zan yi da'awar cewa tafiyar ce kaɗai ta riƙe shi ba, don yana shan magani kuma ya rage gishiri. Amma ni nake auna masa jini da na'ura a gida duk lokacin da nake nan, na ga yadda awon ke zama daidai, na ga yana barci, yana cin abinci, yana ba'a.

Lokacin da na dawo, Masinja ya haura shekara goma sha biyu. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya ya yi fari, haƙoransa sun ruɓe har ba ya iya tauna ƙashi, yawu na dalala daga bakinsa, in ya tashi sai ya yi tangaɗi kafin ƙafafun baya su daidaita. Baba da kansa yake jiƙa masa tuwo a romo, ya shimfiɗa masa buhu biyu don siminti na cin gwiwarsa. Yakan ce Masinja ya kai shekarun ritaya amma ya ƙi miƙa makullin ofis. Tafiyar rabin awa ta koma awa ɗaya da wani abu, Baba kullum ya dawo yana mita wai karen nan ya zama rago, sau uku yake zama a hanya sai an jira shi.

Akwai katin allurar rigakafin haukan kare a durowar Baba, duk shekara ana kai Masinja asibitin dabbobi. A shekarar nan ni aka ba aikin. Na tsayar da masu keke napep uku suka ƙi ɗaukar kare, ɗaya ma ya tambaye ni ko ni zan wanke masa keken sau bakwai. Na ji kunya, na ce sai wani mako. Makon ya zama wata biyu, ko uku. Baba ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ana kan shiri.

A tunanina ranar Laraba ce, da hantsi. Yayata da ke aure a Kinkinau ta zo ta tafi da Baba ganin likita. Ɗan garuwa ya kawo ruwa, na buɗe masa get na bar shi a buɗe, Masinja ya fita ya kwanta a inuwar katanga. Da mutumin zai juya kurarsa, taya ta taka wa Masinja ƙafa ta ɓangaren idon da ba ya gani, karen ya kai wa mutumin cafka. Da idona na duba ƙafar ɗan garuwan. Wandon ya jiƙe da yawu, amma fatar ko ƙwarzane babu, don ba haƙoran da za su huda ta. Sai dai ya riga ya kwarma ihu cewa mahaukacin kare ya cije shi, kafin in ankara layin ya cika.

Mutane suka ga kare na tangaɗi, yawu na zuba, ido fari. Wani ya ce shi dama ya daɗe da lura. Wata daga bayan ƙyaure ta ce ta nan 'ya'yanta ke bi zuwa islamiyya. Sai tela ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ga ɗan gida nan, kuma abin da ya karanta ke nan, a bar shi ya faɗa. Ya juyo ya kira ni da ɗana, ya ce in gaya musu tsufa ne kawai ke damun Masinja. Har amsar ya sa mini a baki.

Na san tsufa ne. Na san karen bai haɗu da wani kare ba, yana cin abinci, yana shan ruwa, da safen nan ma ya kaɗa mini wutsiya. Amma sai katin nan ya faɗo mini a rai, da watannin da na bari suka wuce. Na ce a zuciyata in na ce lafiyarsa lau, wani abu ya biyo baya, aka duba katin, wa za a kama? Sai na ce musu a gaskiya alamomin sun fi kama da na tsufa, amma a ilmance ba a yanke hukunci sai an yi gwaji, don haka ba zan iya rantsuwa cewa ba shi da ciwon ba. Ina jin na ƙara da cewa a killace shi a sa masa ido na kwana goma, amma ban tabbata muryata ta fita ba. Abin da jama'a suka ji shi ne ɗan gidan ma, mai digiri, ya kasa rantsuwa.

Akwai tarin dutsen gini a ƙofar wani maƙwabci. Wani ya zo da taɓarya, wani ya zaro katako daga teburin mai kayan miya. Masinja bai yi haushi ba, ina ganin bai ma gane abin da ake yi ba. Ya taso yana jan ƙafa ya nufo get ɗinmu, inda ya sani, ni kuma ina tsaye a bakinsa. Na shige na tura ƙyauren na sa sakata. Na gaya wa kaina wai kada taron ya afka cikin gida ya fasa gilashin motar Baba. Ta ƙasan get ina ganin ƙafafunsa na gaba, ina jin yana kartar ƙarfen a hankali, kamar yadda yake yi kullum in yana so a buɗe masa. Abin ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata. Na ji wasu na dariya, wani na cewa wannan ai ya fi uban gidansa taurin kai. Tela ya yi ta cewa a ji tsoron Allah har ya gaji.

Da suka watse na fito na sa shi a buhun da yake kwana a kai, masu kwasar shara suka tafi da shi. Ruwan da ɗan garuwan ya kawo na kwarara a bakin get, na share, na zuba yashi. Sannan na bi gida gida ina roƙon kada kowa ya gaya wa Baba saboda jininsa. Kowa ya yarda da sauri, har waɗanda suka yi jifan, wasu ma suka yaba mini da hankali. Da Baba ya dawo na ce masa wani abokina mai gona a Katabu ya zo da mota, na ga gara Masinja ya je ya huta inda ake da fili. Ya daɗe yana kallona. Ya tambaya ko na ba su kwanonsa, ko na gaya musu sai an jiƙa masa tuwo. Na ce e. Kwanon kuwa yana bayan gareji, ni na ɓoye shi.

Don in cike gurbin na ce ni zan riƙa raka shi tattaki. Mun yi kwana huɗu ko biyar. Ina tafe ina duba agogo, ina tambayarsa ko ya gaji, ko yana jin jiri, ko mu tsaya. Duk sanda na tambaya sai ya ce lafiyarsa lau, ya ƙara sauri. Bai tsaya ko sau ɗaya ba, yakan dawo sharkaf da gumi ya faɗa kujera. Daga nan ya ce shi ya gama yawo, ba abin da ya ajiye a titin jirgi. Sau biyu ya ce in kai shi Katabu, na farko na ce hanya ba kyau, na biyu na ce abokin nawa ya yi tafiya. Bai sake tambaya ba.

Bayan kamar wata biyu na kai ɗinki wurin tela. Bai karɓi yadin ba, ya ce in zauna. Ya tambaye ni ko na san abin da ya sa Masinja ke zama sau uku a hanya. Na fara yi masa bayanin ciwon gaɓɓai a tsofaffin karnuka, ya ce in rufe masa baki da bokona. Ya ce ba karen ke fara tsayawa ba. Alhaji ne numfashinsa ke sarƙewa ya dafa bango, da ya tsaya sai karen ya zauna, shi kuma ya hau shi da faɗa da ƙarfi don mutane su ji, wai ragon banza ya tashi su tafi. Tsayawa ta biyu a ƙofar shagonsa ce, yakan turo benci ya ce Alhaji ya zauna kafin masinjan nasa ya huta. Duk layin an san wanda ya gaji, ba wanda ya taɓa nunawa. Ya ce mutum irin mahaifina zai huta saboda kare, amma ba zai huta a gaban ɗansa yana duba masa agogo ba. Sannan ya ce in daina wahalar da kaina da zancen Katabu, don Alhaji ya sani tun washegari. Ya ga shatin farce a fentin get ta waje, ya zo shago ya tambaye shi, shi kuwa tela bai saba yi masa ƙarya ba. Ashe duk lokacin da Baba ya ce in kai shi Katabu, dama yake ba ni in faɗi gaskiya.

Bayan la'asar na durƙusa gabansa na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce jifan bai ba shi mamaki ba, mutane ne, ya yi aiki da su. Abu ɗaya yake so ya ji daga bakina, lokacin da Masinja ya zo get, wane ne a ciki. Na ce ni ne. Ya ce to, ya ji. Ya ce shekara talatin da biyar yana fama da masu rubuta a duba a gani a kan fayil don kada sunansu ya fito, bai san yana renon ɗaya a gida ba. Sai ya ce in ɗauko kwanon daga bayan gareji in wanke in mayar da shi gindin mangwaro.

Bai sake fita tattaki ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, awon jini ya riƙa hawa, aka ƙara magani. A shekara ta biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda, amma ko da ake koya masa takawa a tsakar gida hannun yayata yake nema. Bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa. Ajali na Allah ne, likitoci ba su ce rashin tafiyar ce ta jawo ba, ni ma ba zan iya tabbatar da cewa… Ga shi na sake. To bari in faɗa sau ɗaya ba kwana-kwana: karen nan ba shi da hauka, na sani, na ƙi faɗa don in kare kaina, kuma ni na raba mahaifina da abin da ke fitar da shi daga gida.

Ban ce kowa ya ajiye kare ba, na san matsayinsa a wurinmu. Amma wanda ya ajiye shi ya yi masa gadi da ƙuruciyarsa, akwai haƙƙinsa a kansa in ya tsufa. A tausasa masa abinci, a sama masa inuwa, a kai shi allura a kan lokaci ko da masu keke za su yi dariya. Ciwon haukan kare gaskiya ne kuma yana kisa, wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu ya garzaya asibiti, amma ba kowane kare mai dalalar yawu ne mahaukaci ba. Masu kula da iyaye tsofaffi kuma, kafin ku ɗauke musu wani abu don kuna ganin kun fi su sani, ku tsaya ku ga aikin da yake yi musu. 'Yan'uwana masu digiri, in aka tambaye ku a gaban taro, ku tuna akwai lokacin da kaffa-kaffa hukuncin kisa ne.

Ban ambaci sunan kowa ba, amma waɗanda ke layin ranar za su gane. Duk inda na kauce, ina roƙon su rubuto wa mujallar nan su gyara mini. Akwai abu ɗaya musamman. Ni a tunanina sai da aka fara jifa na rufe get ɗin. Tela, da na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa. In akwai wanda ya ga na rufe tun kafin a ɗauki dutse, ya taimake ni ya faɗa, kada ya ce da alama.