Dala Goma

Shekara shida na yi ina awon hatsi a kasuwar Konni, kuma a cikin shekara shidan nan tiyar gero ba ta taɓa wuce dala goma ba. Da bazara sai ta hau, ta kai tara, ta taɓa goma. Da ta taɓa, duk mai ajiya sai ya fasa rumbu, hatsi ya cika kasuwa, farashi ya dawo ƙasa. Na ga haka har na ɗauka doka ce, kuma na ɗauka ni kaɗai na gano ta.

Mahaifina yana Tajaye da rumbuna uku. Na ukun ba a taɓa shi, tun zamanin kakana haka ake yi, na baƙar shekara ne. Ni kuwa ina ganin wauta ce a bar gero yana tsufa alhali kasuwa na nemansa. A bazarar da ta gabaci babban farin nan na farkon shekarun saba'in, tiya ta kai goma, na hau mota na tafi gida. Kwana biyu ina damunsa. Na ce mu sayar yanzu da tsada, da kaka mu saya a dala biyar, mu cika rumbu biyu da kuɗin ɗaya. Ya ce shi bai san kasuwa ba. Na ce ai ni na sani. Ni na hau rumbu na ukun na ɗaga murfin da hannuna, muka sayar.

Ruwa ya ɗauke gero na cikin bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Tiya ta tsallake goma kamar babu ita, ta kai sha biyar, ta kai ashirin. Kaka ta zo ba ta sauko ba. Muka cinye rumbu na biyu muna kallon kuɗinmu a tukunya, kullum abin da za su iya saya yana raguwa. Na rantse wa tsohon cewa duk ranar da ta dawo goma zan mayar masa da hatsinsa tiya-tiya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ba ni kaɗai ne mai wayo ba. Daga Tsarnawa har Illela, duk wanda ya sayar a goma yana zaune da irin wannan cizon yatsa, da irin wannan rantsuwa. Mutanen da a da suke jiran goma su sayar, su ne yanzu suke jiranta su saya.

Wata Laraba, ana gab da damina, labari ya bazu cewa motocin dawar taimako suna tafe. 'Yan kasuwa suka tsorata suka fito da ɓoyayyen hatsi. Da hantsi tiya ta faɗo goma. Ina tsaye da jakai biyu da buhuna da kuɗin a ƙugu. Har yau ina jin haushin kaina idan na tuna: ban saya ba. Na ce tunda ta fara gangarowa, bari ta kai takwas, in koma gida da riba in wanke sunana. Jama'a kuwa suka yi caa a kan masu awo, kowa na miƙa kuɗi ta saman kan wani, ana cewa araha ta samu. Dala goma, wadda bara muke tsine wa. Kafin azahar ta koma sha huɗu. Motocin ba su iso ba sai bayan wata guda, kuma tun daga ranar ban sake ganin tiya a goma ba.

Na isa Tajaye da buhuna a naɗe. Mahaifina ya dai kwance jakan ya ba su ruwa. Da an zage ni da na fi jin sauƙi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, babu iri a gidan. Tsohon ya kira ni, ya miƙo mini tsintsiya da ƙwarya, ya nuna rumbu na uku.

"Kai kab buɗe shi," ya ce. "Shiga ka sharo muna abin da kab bari."

Na shiga. Na share har lungunan da ɓera ya raina. Bayan an sheƙe ƙasar, abin da ya rage bai cika tiya biyu ba, kuma shi muka shuka.