Dilolina Arba'in da Alamar Tsohon Mijina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A farkon shekarun dubu biyu ni matar aure ce 'yar Kano, mai shekara talatin da 'yan kai, muna zaune da mijina a wani ɗan gidan haya a Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou na ƙasar China. Shi takalma yake saye, ni kuma da kuɗin gadon mahaifina na fara saro wandunan jins a garin Xintang da ke kusa ina aika wa ƙanwata a gida tana sayarwa. A can kowane ɗan kasuwa yana da alamarsa, wasu 'yan haruffa da ake rubutawa a jikin dila, da su mai sito yake gane mai kaya kafin a loda a jirgin ruwa. Ni ban taɓa yin tawa ba, ta mijina nake sa wa kayana, don a lokacin ban ga bambancin nawa da nasa ba.

Aurenmu ya mutu, ba sai na faɗi dalili ba. Ya rubuta mini takarda, ya haɗa jakarsa ya bar ƙasar, ni kuwa na gama iddata na ci gaba da neman abincina. To a nan na yi wautar. Na ninke takardar na cusa ƙarƙashin akwati, duk wanda ya tambaye ni a kasuwar Canaan sai in ce Alhaji ya yi tafiya. Ina da girman kai, ba zan ɓoye ba. Gani nake da zarar an ji ni bazawara ce a ƙasar mutane za a fara raina ni. Don haka wata takwas cur ina rubuta alamarsa a kan kayana, har ina yaba wa kaina dabara.

Ana saura wata biyu Sallah na zuba duk abin da na mallaka na sayi dila arba'in, na kai sito. Ranar lodi na je na tarar an ture kayana gefe an ɗaure da igiya. Mai siton, wani ɗan China da kullum yake tarbata da shayi, ranar ko kujera bai ba ni ba. Da ɗan Turancinsa ya ce mai wannan alama ya kwashe kwantena biyu bai biya kuɗin dako ba, saboda haka kayan jingina ne, in an yi wata ɗaya shiru zai sayar. Na ce kayana ne, ya nuna alamar da yatsa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, shi dai meyo yake maimaitawa, wato babu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, domin gumin mahaifina ne kaf a cikin dilolin nan.

Kwana uku ina kiran lambar tsohon mijin nawa a kashe. Daga ƙarshe na tafi wajen wani dattijo ɗan Maraɗi da 'yan kasuwarmu suke kai wa ƙara in rigima ta tashi. Na same shi bayan sallar Juma'a cikin mutane, na durƙusa na gaishe shi da Baba, na faɗa masa abin da ya faru, na miƙa masa takardar sakin da na ɓoye. Ya karanta, ya dube ni ya kira ni da 'yata, ya tambaye ni ko saki sata ne da zan ɓoye shi har ɓoyewar ta nemi cinye mini dukiya. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Amma abin mamaki, cikin mazan da nake tsoron su ji babu wanda ya yi dariya, wani ma cewa ya yi ai sun daɗe da ganewa, kara suke mini.

Washegari Baba ya raka ni sito da mai fassara. Aka ajiye takardar saki, aka ajiye rasiɗan Xintang masu sunana, aka ga an saye kayan wata takwas bayan rabuwa. Mai siton ya yi ta gunaguni, sai da Baba ya ce shi ya tsaya mini, sannan ya sa aka kwance igiyar. Jirgin dai ya riga ya tafi, kayan ba su isa Kano ba sai bayan Sallah, riba ta tafi amma uwar kuɗi ta tsira. Kafin a loda na karɓi alƙalami na bi dilolin ɗaya bayan ɗaya, na soke tsohuwar alama na rubuta farkon sunana da na mahaifina. Ban tsaya ba sai da na gama ta arba'in.

Yau da wannan alama ake sanina, kuma Alhamdulillahi kasuwa ta yi albarka. 'Yan'uwana mata, har ma da maza, in aure ya ƙare ku raba suna a kan kaya da shago da fili tun ranar, ku kuma sanar da waɗanda kuke hulɗa da su. Kada ku yi irin tawa. Ni mutumin ya sake ni da takarda ɗaya, amma ni ce da hannuna na yi ta mayar da kaina gidansa, dila bayan dila.