Wutsiyar Kamiyo

A ƙasarmu, in ka ba makiyayi saniya ya tafi da ita daji, ta mutu a hannunsa, ba ya aiko da saƙo. Da ƙafarsa yake zuwa. Ya yanko wutsiyarta, ya naɗe a tsumma, ya durƙusa a ƙofar mai ita, ya ajiye a ƙasa. Mai saniya zai yi tambayoyinsa. In ya miƙa hannu ya ɗauki wutsiyar, magana ta ƙare, asara tasa ce, makiyayi ya fita. In ya bar ta a ƙasa, to makiyayi ne zai biya, ko a tafi gaban mai gari. Haka muka taso muka iske, kuma a shekarun fari na ga an yi haka har idona ya gaji.

Surukata, uwar maigidana, tana da wata igiya a bayan ƙyauren ɗakinta, a ƙauyenmu kusa da Atantane. A nan take rataye wutsiyoyin da aka kawo mata. Fari na farko, wanda a cikinsa sojoji suka karɓi mulki, shi ya cika igiyar nan. Ta san kowace wutsiya da mai ita: wannan ta jar nan ce mai harbi, wannan ta wadda ta haifi tagwaye ce. Mu Inna muke ce mata, gari duka.

Tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, Inna ta sayar da rabin shanunta, maigidana ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya mai shan isansi, wato fetur. Mutane suka yi ta dariya, wai ta ba da masu haihuwa ta karɓi ƙarfe mai hayaƙi. Sai fari ya zo ya kwashe rabin da ta riƙe, ya bar ƙarfen tsaye. Daga nan ba wanda ya sake dariya. Kamiyon nan ita ke kai mu kasuwar Mayahi, ita ke kai mara lafiya Tasawa. In ta taso daga nesa, ƙasa ke fara gaya maka ta tafin ƙafa kafin kunne ya ji. Ni dai ban taɓa sabawa da ita ba. Kullum na ga abu kamar rumbu yana gudu ba mai ja, sai na yi salati.

Ana nan, ana nan, fari na biyu ya zo. Muka ci abin da ke rumbu, muka ci dusa, muka jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, har ɗacinta ya fita muka ci. Daga ƙarshe muka ci iri. Wanda bai yi noma ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Hatsin da aka ware a tulu aka liƙe bakinsa da laka don shukar baɗi, shi muka fasa muka daka, saboda yara suna kuka da muryar da ba ta fita. Inna kuwa saniya ɗaya ta rage mata, wata fara mai ƙaho karkatacce. Don ta rayu, Inna ta riƙa zare ciyawar jinkar ɗakinta tana ba ta, har ya zama in ta kwanta da rana, rana na sauka a fuskarta layi-layi.

Da bazara ta yi nisa, aka yi shela cewa akwai irin hatsi a sito a Maraɗi, masu kamiyo su je su ɗauko wa garuruwansu. Amma sojojin da ke tsaron siton sun ce ba za su ɗora iri a motar da za ta mutu a hanya ba, sai an kai kowace mota garajin kamfanin da ke sayar da irinta an duba ta. Maigidana ya tafi. Gari duka ya raka shi har bakin rijiya.

Muka zauna jira. Gabas ta fara yin baƙi da la'asar tana washewa. Maza suka gyara sungumi, suka jingina a bango, suna kallon hanya. Kamiyo ba ta zo ba, saƙo bai zo ba. Sai ga shi wata safiya mun tashi da ƙamshin ƙasa, ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, wanda ya cika kwari. Ban taɓa jin gari ya yi shiru bayan ruwa kamar ranar ba. Ga ƙasa ta jiƙa, ga hannu, ga sungumi, babu ƙwaya ɗaya ta jefawa. Inna ta fita gonar bayan gida, ta cusa hannu cikin yashi har gwiwar hannu, ta zaro ta duba.

Ranar nan da hantsi ina dakan anza, sai na ji sallama a ƙofa. Wani baƙo ne dogo, siriri, da shuɗiyar rigar aiki duk baƙin mai, amma ya naɗa rawani irin na Buzaye. Ƙafafunsa sun yi caɓi har idon sawu, daga Mayahi a ƙasa ya zo. Ya ce uwar mai kamiyo yake nema. Na saki taɓarya.

Ya ce, “Lafiya lau yake, baiwar Allah. Mijinki yana can yana faɗa, muryarsa har titi.”

Inna ta fito ta zauna a kan turmi. Baƙon ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya ciro tsumma daga aljihu, ya warware a ƙasa a gabanta. Ni ina tsaye, na ga yadda ya ajiye shi, da hannu biyu, ya ja da baya kaɗan, ya sunkuyar da kai. Na san wannan zama. Sai dai abin da ke cikin tsumman ba wutsiya ba ce. Wani ɗan abu ne bai kai yatsa ba, fari kamar tangaran, gindinsa na ƙarfe a karye.

Ya ce, “Inna, ni ne makanisiye, mai gyaran mota, da aka ba kamiyonki. Wannan buji ne. A hannuna ya mutu.”

Inna ta dube shi, ta dubi abin. Ta ce, “Kai Buzu, mi ya raba ka da raƙumi ya haɗa ka da ƙarfe?”

Ya ce, “Abin da ya raba ki da jinkar ɗakinki, Inna.”

Ta ɗan yi murmushi. Ta ce, “To bakinka dai bai mutu ba. Wannan ɗan abin ne ya tsayar da mota mai ɗaukar gari guda?”

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce cikin inji akwai irin wannan jere, kowane yana ƙyasta wuta, ba dutse ba auduga, sau da yawa fiye da ƙiftawar ido, kuma wutar nan ce ke tura mota. Na tsaya ina kallon abin a ƙasa. Ashe duk shekarun nan walƙiya ce a ɗaure cikin ƙarfe take kai mu kasuwa. Ya ce ya kwance sauran lafiya, wannan ɗaya ya ƙi, ya karye, rabi ya fito, rabi ya zauna a cikin kan injin. Sai an sauke kan gaba ɗaya, an kai wa masu injin huda ƙarfe, an sayi sababbin kaya, kafin mota ta tashi.

Na ce, “To mi ake jira?”

Ya ce, “Wanda zai biya. Mai garaji ya ce tsatsa ce ta shekaru, mai mota ya biya. Mijinki ya ce da ƙafarta ta shigo, kamfani ya biya. Mai garaji ya ce in kamfani ne, to daga albashina za a cire, kuma in kama hanya. Yanzu mijinki ya ce zai kai ƙara wurin sojoji.”

Da jin haka Inna ta gyara zama. A zamanin nan in ka kai ƙara wurin soja, da kai da wanda ka kai ƙara duk kuna iya kwana a ɗaure, mota kuma ta zauna sai ranar da aka tuna da ita.

Ta ce, “Wancan yaron, tun yana goye haka yake.” Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. “Kai kuma wa ya aiko ka?”

Ya ce, “Ba kowa. Ɗanki yana cikin faɗa na ji ya ce, motar nan shanun uwata ce. Sai na ce ashe ba da mai ita ake ta magana ba.”

Maƙwabta sun fara taruwa a bakin danga. Inna ta fara tambayoyinta, irin waɗanda na sha ji tana yi wa makiyaya, da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa.

“Ka doke ta?”

“Ban sa mata guduma ba.”

“Da zafinta ka taɓa ta?”

“Na bari ta huce. Da na ji ya ƙi, na zuba masa mai, na bar shi ya kwana yana sha.”

“Kana sauri?”

Ya ce, “Motoci na jere a baya, kowa na kallon sama. Ina sauri a zuciya, Inna. Hannuna ban sani ba. Na murɗa a hankali, na ji ya ba da wuya, na yi murna, ashe karyewa ce.”

Wani tsoho a bakin danga ya ce, “Kun ji, ya amsa da bakinsa! Kada ki taɓa, Inna, bar masa kayansa a ƙasa!”

Inna ba ta juya ba. Ta yi tambayar da take ajiyewa ƙarshe kullum. Ta ce, “Naka dabbobin fa?”

Ya ce, “Namu sun ƙare tun farin farko. Ni na riƙe wa babana buhun wutsiyoyi, gida gida, daga arewa har nan ƙasarku. Wasu sun ɗauka, wasu sun bari a ƙasa. Da muka gama, ya zauna gindin wata bagaruwa, bai sake tashi ba.”

Na ga hannun Inna ya taso daga cinyarta, hannun nan da yashin safe bai gama zuba daga jikinsa ba. Ya sauka a hankali, ya ɗauki ɗan farin abin. Ta jujjuya shi, ta rufe tafinta a kansa.

Ta ce, “Na karɓa. Tashi ka sha ruwa.” Sannan ta dube ni. “Ɗiyata, kwanto farar nan.”

Na ce, “Inna!”

Ta ce, “Ƙasa ba za ta jira shari'a ba. Kwanto ta.”

Na jawo saniyar. Makanisiyen ya tashi, ya shafa wuyanta, ya bi da hannu har kwiɓinta, sai ya tsaya cak. Ya ce, “Inna, tana da ciki.”

Ta ce, “Ni na ci da ita da ɗakina, kai za ka gaya mini?”

Ƙanen maigidana ya bi shi don ya sayar da ita a Mayahi. Na raka su har bayan gari. Mutumin nan da rigar garaji ya riƙe igiya sako-sako, yana tafiya daidai da ƙafar saniya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Buzanci, ita kuma tana bin sa kamar shi ya raine ta. Na tsaya har suka shige bayan tudu. Da na komo, na iske Inna ta ɗaure bujin da zare a igiyar bayan ƙyaure, a ƙarshen layi.

Ramammiyar saniya a shekarar fari ba ta da kuɗi. Daga baya muka ji abin da aka samu kayan gyara kawai ya saya. Aikin kuwa makanisiyen ya roƙi mai garaji a bar masa, ya yi shi a lokacin hutunsa, bai karɓi komai ba. Mu a nan ba mu san wannan ba. Abin da muka sani rana ce, wadda ta fito da ƙarfinta tana shan ruwan da aka ba mu. Kowace safiya Inna ta fita gonar bayan gida ta cusa hannu. Da fari danshi na nan tun daga sama. Sannan sai ta tone busasshen yashi kafin ta same shi. Sannan sai ta tone da yawa. Ba wanda ke tambayarta, fuskarta muke dubawa.

Wata safiya tana durƙushe, hannunta a cikin ƙasa, na ga ta ɗago kai ta dubi kudu. Ni ban ji komai ba. Ta ce, “Tana tafe.” Ta ƙasa ta ji ta. Can sai ga ƙugin nan, sai ga ta ta ɓullo ta bayan tudu, a danne da buhuna, tana rangaji. Ba a bari ta shiga gari ba. A bakin gonaki aka tare ta, aka farke buhu, kowa ya tara riga ko zane ko ƙwarya. Maza na sara da sungumi, mu muna bin su muna jefa iri muna rufewa da diddige. Sai an sara da zurfi ake samun ƙasa mai duhu, amma ana samu.

Maigidana ya diro yana huci. Ya ce, “Inna, kin ba da saniyarki a banza! Kamfani ne ya kamata ya biya, da kin bar ni da su!”

Ta ce, “Kamfani bai zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ba. Ɗauki sungumi.”

Har ya bar duniya yana cewa kamfanin nan ya cuce mu, kuma wataƙila da gaskiyarsa, ni ban san dokar garaji ba. Hatsin da muka samu a shekarar bai cika rumbu ba, amma ya kai mu, kuma mun cika tulu mun liƙe bakinsa da laka. Makanisiyen bai sake zuwa garinmu ba. Maigidana kuwa, duk da faɗansa, bai sake yarda wani ya taɓa injin motar ba sai shi.

Da karan hatsin nan muka yi wa ɗakin Inna rumfa a sama, kafin ciyawa ta komo daji a yi mata jinka sabuwa. Igiyar tana wurina yanzu. Wutsiyoyin asu ya cinye su tuntuni. Ɗan farin abin ne kawai ya rage a jikinta.