Bindiga a Gonar Wake

Da fari, a ƙauyenmu da ke kusa da tafkin Madarunfa, bindiga ta maharba ce. Wanda ba maharbi ba in aka gan shi da ita, ko aure ba a ba shi.

Sannan ɓarayi suka fara fitowa daga dajin da ke bayan Gabi suna kore shanun noma. Kafin jandarma su iso, sawu ya ɓace. Cikin damina guda magana ta juya: gidan da babu bindiga, wai babu namiji. Maƙerinmu ya ajiye ƙirar hauya ya koma wa bututun bindiga.

Ni na ƙi saye, kuma na faɗa a dandali cewa ƙarfen da aka tanada don ɓarawo, maƙwabci zai fara samu. Aka yi mini dariya. Ƙanena, wanda ya sayar da akuyarsa ya sayi tasa, ya ce, "Yaya, in sun zo sai ka jera su sahu ka yi musu nasiha."

Da kaka, tun ba a saki gonaki ga makiyaya ba, saniyar wani Bafillace ta faɗa wa waken ƙanen nawa. Mutumin ba baƙo ba ne, shanunsa ke zuba mana taki kowane rani. A da, irin wannan cacar baki ce, a je gaban maigari a kimanta ɓarna. Ranar kuwa na tarar ƙanena ya ɗana kunamar bindigarsa, Bafillacen na tsaye da igiya a hannu.

Na shiga tsakaninsu.

"Kauce, Yaya!"

"Ni na riga ka zuwa duniya, ni zan riga shi fita. Fara da babba."

Can ya sauke bindigar. Na karɓe ta, na zubar da albarushin a ƙasa.

Mata masu roron wake sun ga komai, kuma kafin azahar kowane gida ya ji. Su suka fara cewa ba za su ƙara kai abinci gonar da ke da bindiga ba. Maza suka yi gunaguni, suka ci yunwa, daga baya suka bi. Aka tsayar a gaban maigari: bindigogi su zauna wurin sarkin baka, shugaban maharba, ba mai ɗauka sai an buga gangar ɓarayi. Har yau akwai masu ɓoye tasu a rumbu, na san su.

Ƙanena bai ƙara gaishe ni ba sai da Sallah ta zo. Yanzu ma cewa yake sama zai harba. Ba na musu da shi. Yana gonarsa, ba ya gidan kaso na Maradi, kuma 'ya'yansa sun tashi a gabansa.