Mai Hamma da Dodannin Laka

Ɗiyata ta fari ta daina magana tun daminar da aka tafi da babanta. Yana zuba ma masara taki a gonarmu wajen Gozaki, mutanen daji suka zo bisa babura da rana tsaka. Ita kuwa tana gindin kuka riƙe da kwanon furar da ta kai mashi. Ta dawo gida da kwanon, ko ɗigo bai zube ba, amma bakinta ya rufe.

Muka koma Dayi, gidan yayan mijina, inda Inna surukata take. An yi tofi, an sha rubutu, an kai ta asibiti Malumfashi suka ce kunnenta da harshenta lafiya lau. Ni dai kallo nake. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ni faɗa, balle in ɗauke ta gaban surukai in rarrasa.

Akwai ɗiyar wani Ibo mai kemis a bakin titi, haifaffiyar garin, Hausarta har ta fi tawa gudu. Ita ta nuna mata wasu dodanni a waya, masu fukafukai da dogon wuya, suna hura wuta. Daga nan yarinyar ta fara kwaɓa laka a bayan rumbu. Ta yi masu fukafukai da ɓawon masara, haƙora da ƙaya. Na ce ai gara haka da zaman jugum.

Wata rana da hantsi na zagaya shanya kuɓewa, sai na ji murya. Na tsaya da faifai a hannu. Muryarta ce, ta dushe kamar ta mai mura. Ta jera dodannin, duk sun kwantar da wuya gaban wani curin laka da ta burgaza cikin toka. Ba ido, ba hanci, sai rami ɗaya inda ta danna yatsa.

Na durƙusa a hankali, kamar mai son kama kaza. Na ce, "Ke, me suke yi?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bauta suke."

"Astagfirullah. Wa suke bauta ma?"

"Mai Hamma. Shi ne nasu."

Ta ce akwai wata Tsohuwar Toka, ita ke raba masu wuta da safe, kowa ya zo da bakinshi kamar masu ɗibar garwashi gidan maƙwabta. Amma Mai Hamma ya fi ta. Kullum barci yake. Dodanni suna kawo mashi toka mai ɗumi suna lulluɓe shi don kada ya farka, saboda in ya farka hamma zai yi, in ya yi hamma kuwa dole kowane dodo ya yi. Ba ka ganin hamma ka ƙi yi. To, duk wanda suka haɗiye sai ya fito ta baki, da kayanshi a jiki.

Sai na gane babanta take nema. Na ce, "To, ki tashe shi mana."

"Ba ya jin Hausa, Umma. Sai maganar dodo." Ta nuna mani wani ƙarami mai karkataccen wuya, an zuba garin ƙuli-ƙuli gabanshi. "Wannan nake ma kiwo. In ya saba da ni zai raɗa mashi."

Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na san Allah ɗaya ne, na kuma san abin da ake kira shirka. Ranar ko tuwo ban iya tuƙawa da kyau ba. In na hana ta, bakin ya sake rufewa. In na ƙyale, wa ya san abin da nake tarawa a gidan mutane? Na riƙa yin istigfari ina zagayawa shanya kuɓewar da ta riga ta bushe, don dai in ji muryar.

Inna ce ta gani, ta bi wata kaza da ke ƙwai a ɓoye. Ta fito tana tafa hannu. "Lale! Gumaka a gidan da ake roƙon Allah dare da rana? Ashe shi ya sa shiru! Ta ina mala'ikun rahama za su shigo?"

Na buɗe baki zan ce ai magana take masu, sai ta harare ni. "Ke kuma yau ɗiyar fari ake tare ma? Zamani!"

Yaya ba mugu ba ne. Tun da aka ɗauke ƙanenshi ya rame, rigarshi kamar an rataye ta a kara. Ya tambayo malamin unguwa, aka ce mashi in an cire masu kai ba sauran laifi. Bayan la'asar ya zo ya tsuguna gaban yarinyar. Takwarar Inna ce, don haka ya ce, "Uwata, ba amshe maki zan yi ba. Kawunan kawai, kin ji? Sauran duk naki ne."

Ya riƙa karyawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana bisimilla. Ya zo kan ƙaramin ya ce, "Kai, wannan har da abinci!" Ya karya. Sannan ya ɗauki curin tokar ya jujjuya.

"Wannan fa?"

Inna ta leƙo. "Wannan ai dunƙulen laka ne. Bar mata, ta yi wasa."

Ya mayar da shi inda yake, har yana gyara mashi zama. Ni kaɗai na san abin da ya bari. Ina tsaye jikin zana, na rasa wanda zan faɗa ma.

Da suka tafi ta ɗauki kan ƙaramin ta tofa mashi miyau ta liƙa. Busasshiyar laka ba ta kamawa. Ta sake, ya sake faɗuwa. Ta ɗago ta ce, "Ba ya da baki, Umma. Wa zai faɗa mashi?"

Maganarta ta ƙarshe ke nan har yau.

Na ɗebo mata sabuwar laka daga bakin rafi na ajiye kusa da ita, ta bushe ta tsage ba ta taɓa ba. Curin yana nan ƙarƙashin rumbu. Ban yar ba, ban kuma iya kallonshi. An cire masara, an yi wata damina, babu labarin babanta.

Rannan ina tsince wake gajiya ta kama ni, na yi hamma na rufe baki yadda aka koya mana. Yarinyar ta taso ta janye hannuna, ta leƙa ciki.