Shatu, Gaya wa Wancan

Ranar Talata, sha biyu ga watan Azumin Tsofaffi, shekara ta 1352 bayan Hijira, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifiyarmu Rahamatu 'yar Malam Lauwali na Kanya Babba, wadda duk Roni ke kira Inno. Ana tsakiyar girbin dawa, amma mutane suka baro gonaki suka cika sahu har bakin dutse. Shi ya ba mu aronta, Shi ya karɓi abinsa, kuma hanyar da ta bi ita za mu bi.

Inno, ni ne Sama'ilu, ɗanki na fari. Yau zan yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekara arba'in da biyar: zan yi miki magana kai tsaye, babu ɗan aike.  Masu zuwa gaisuwa suna ganin hawaye a fuskata suna ba ni haƙuri, ba su san rabinsa na murna ne ba.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma taki ta fi ta kowa. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa duban tsabar idona ba. A bakinki ni "wancan" ne. Ga shi kuma ke ce malamata, tun daga babbaƙu har na sauke, har na shiga littattafai. Duk tsawon wannan karatu, kalma ɗaya nake jira daga gare ki, ki ce ya yi. Na girma, na yi furfura, ban daina jira ba.

Ina shekara goma sha ɗaya babanmu ya rasu. Kina fita takaba, yayansa Baffa Daudu ya zo ya ce zai haɗa ni da ayarin masu tafiya gabas neman karatu. A shekarun nan hanyar gabas ba ta da lafiya, yaran garinmu biyu sun tafi ko labarinsu bai dawo ba. Ba mugunta ce ta sa Baffa ba, so yake ɗan ƙanensa ya zama mutum. Kika aika masa cewa ke za ki karantar da ni a gida, da abin da kika samu wurin mahaifinki. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Macen da ba ta iya kallon fuskar yaro, da wane bakin za ta biya masa?" Kika roƙi damina uku. Kika ce in sun cika a kai ni gaban Liman Dunoma, wanda a gabas ɗin ya yi nasa karatun, in ya ce ban iya ba a tafi da ni, ba za ki ce uffan ba.

Sai kika ƙirƙiro makarantar da ba a taɓa ganin irinta ba. Ni ina bakin rumbu da allona. Ke kina gindin turmi, kin ba ni baya. A tsakiya kuwa ga ƙanwata Shatu, 'yar shekara tara, ita ce hanyar da karatu ke bi. Ki biya mata, ta juyo ta biya mini, alhali tsakanina da ke bai fi taku huɗu ba, kuma duk abin da kika faɗa a kunnena kika faɗe shi. "Shatu, gaya wa wancan ya ja nan, ba tsere ake ba." "Shatu, gaya wa wancan ya wanke allon, wannan rubutu ne ko sawun kaji?" Ni ma in na gaji in ce, "Shatu, gaya wa Inno yunwa nake ji." Ita kuwa ja'irar ba ta kai saƙo yadda aka ba ta. In ta ga dama ta ƙara gishiri, in na ba ta aya ta tauna sai ta rage. Da yake kowane ƙarin karatu sai ya bi ta bakinta sau biyu, kafin a ankara ta wuce ni da izu uku, abin da har yau take yi mini gori da shi.

Yanzu da nake karantar da nawa 'ya'yan a gida nake gane irin aikin da kika sha. Ni da nake zaune kan buzu, ba abin da ke gabana sai yara huɗu, kafin azahar kaina ya ɗau zafi. Ke kuwa da goyon autanmu Haladu a baya, ga surfe, ga niƙa, ga kaɗi da sayar da zare, ga tawadar da kike haɗa mana da ƙaro da baƙin tukunya. Kina iya tuƙa tuwo kina sauraren tilawar mutum biyu, ki kuma tsawata wa na ukun da ke cin ƙasa. Ba na manta ranar da akuyarmu ta lashe mini rubutun allo tas saboda ƙaron da ke ciki. Na zo da murna ina cewa yau babu karatu. Kika ce, "Shatu, gaya wa wancan akuya ta riga shi haddacewa, ya sake rubutawa." Mun yi dariya har ke ma na ga kafaɗarki tana motsi.

Akwai wata alama da muka saba da ita ba tare da an taɓa yin maganarta ba. In ina tilawa kina daka, muddin ina daidai taɓarya ba ta tsayawa. Ina yin kuskure sai ta tsaya cak. Shirun nan ya fi bulala shiga jikina, ke da ba ki taɓa ɗaga mini hannu ba.

Damina ta uku ita ce ta wahala, kuma laifina ne. Na shiga sha huɗu, murya ta fashe, kaina ya cika da kokawa da farautar gafiya a duwatsu. In tafi tun safe, in dawo da ƙura har gira. Kullum allona na jingine inda na bar shi, kin share ƙasan wurin kin shimfiɗa tabarma. Wata rana ban sami saƙon faɗa ba, sai Shatu ta zo da idanu jajur ta ce, "Inno ta ce in gaya maka ta fara ɗinka maka jakar tafiya, don kada ranar ta zo ba ka da ita." Na leƙa na gan ki da allura da fata a cinya, kina ɗinki kina share ido da gefen mayafi. Tun daga ranar ban sake hawa dutse ba sai da kaka ta wuce.

Sai ranar ta zo! Zaure ya cika maƙil, Baffa Daudu a dama, Liman Dunoma a tsakiya, jakar tafiyata kuma tana rataye a bango inda kowa ke ganinta. Mace ba ta shiga, don haka kika jawo turminki jikin katangar zauren kika zuba gero. Liman ya buɗe inda ya ga dama ya ce in ɗauka. Kafin in buɗe baki, sai na ji taɓarya ta fara. Wallahi ji na yi kamar an dafa mini kafaɗa. Na karanta, ya tsallaka gaba, na bi shi, ya dawo baya, na bi shi. Can tsakiya sai taɓarya ta tsaya. Ni ma na tsaya, na koma baya, na ga inda na zame, na gyara da kaina, taɓarya ta ci gaba. Liman ya ɗaga kai ya saurara, sannan ya yi murmushi ya ce, "Malam Daudu, abin da za a je nema gabas yana bayan katangar nan yana daka. Ku bar yaro a gida." Maƙwabta suka ɗauki guɗa, Baffa da kansa ya sauke jakar ya miƙo mini, Shatu tana tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Na ruga cikin gida, na ce yau dai zan ji. Kika ci gaba da dakanki kika ce, "Shatu, gaya wa wancan randa babu ruwa."

Haka muka tafi shekara talatin da ɗaya. Na sauke, na yi aure, aka fara kawo mini yara, mutane suna ce mini Malam. Ke kuma kika karantar da matan unguwa da ba su ƙirguwa, ba ki taɓa karɓar ko ƙwaryar hatsi ba. Duk wanda ya yaba ni a gabanki sai ki kawar da kai ki tambayi ko an ba awaki dusa.

Ranar Talatar nan da safe ina zaune wajen ƙafafunki ina karanta miki, Shatu tana riƙe da kanki. Babu turmi, sai yatsanki da ke bugun tabarma a hankali. Na karanta izu guda cur bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da na kai aya kika juyar da fuska wajen bango, kamar kullum, kika ce da 'yar muryar da ta rage, "Shatu, gaya wa wancan karatunsa ya yi. Tun ranar zaure ya yi." Shatu ta buɗe baki ta kasa. Karo na farko ke nan da ta kasa kai saƙo, kuma ban buƙace ta ba. Na ji, Inno! Da kunnena na ji!

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Ya sa kowane harafi da ya fita daga bakinki, da wanda zai fita daga bakin jikokinki, ya zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga Shatu da Haladu, ga iyalan Baffa Daudu, ga danginmu na Kanya Babba, da dukan matan da suka ɗauki allo a tsakar gidanki. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya da safe Shatu ta same ni a bakin rumbu. Bakina ya riga ni, na ce, "Shatu, gaya wa Inno na gode." Ta dubi gindin turmi, ta dube ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na gode, Inno.