Sau Ɗaya Aka Tambaye Shi

A gidanmu ba a karɓar tayi a karon farko. Haka Baba ya rene mu: in aka ce ga abinci, ka ce ka ƙoshi ko da hanjinka na kuka, sai an sake, an kuma sakewa, sannan ka sa hannu kamar wanda aka yi wa dole. Ni dai tarbiyyar ba ta kama ni sosai ba, shi ya sa har gobe dangi ke cewa Auta ba ta da ta ido. Amma babban yayanmu ta shige shi har ɓargo, ita ce kuma ta kayar da shi.

A asibitin da yake aiki Ido suke kiransa. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ɗaki na ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, yana duba jinin yara a madubin likita. A ɗiga jini a ɗan gilashi, a shanya, a rina, shi kuma ya duƙa yana ƙirga ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa kullum shuɗi saboda rinin, har matarsa na tsokanarsa wai ita marini aka aura mata ba a faɗa mata ba.

Shi ya fara lura cewa maganin da ake ba yara ya daina share ƙwayoyin cikin kwana uku kamar da. Ba wanda ya sa shi, ya sayi littafi mai baƙin bango yana rubuta abin da ya gani, shekara huɗu cur. Ya kai wa shugaban sashe, mutumin ya ce zai duba, bai duba ba. Ana nan sai wata Farfesa ta zo daga wata jami'ar ƙasar waje, dattijuwa mai furfura, da tallafin bincike a hannunta. A tsaye ta buɗe littafin Yaya, kafin ta kai shafi na biyar ta nemi kujera.

Shekara biyu suka yi suna aiki tare. Ranar da za ta koma ta same shi a ɗakinsa, ta ce za a buga sakamakon a mujallar masana, tana so ta sa sunansa cikin marubuta. Da yamma ya biyo shagona na ɗinki yana ta murmushi, ya ba ni labari.

"Na ce mata a'a, ranki ya daɗe, ai aikina na yi. Ga manya nan."

Na tsayar da keke. "To sai ta ce me, Yaya?"

"Ta ce to, ta gode."

"Shi ke nan? Ba ta sake ba?"

"Za ta sake mana, Auta. Wa ke yin irin wannan tayi sau ɗaya?"

Ba ta sake ba. A inda ta fito, a'a a'a ce. Shugaban sashe kuwa bai yi wata-wata ba ya cike gurbin da sunan wani sabon likita, ɗan amininsa, wanda ko makunnin fitilar madubin bai san inda yake ba. Sunan Yaya ya fito can ƙarshen takarda da ƙananan baƙaƙe, a wurin godiya, tare da direbobi biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da takarda ta biyu ta zo Farfesa ma ba ta tambaya ba, ta riga ta riƙe cewa mutumin ba ya so.

Yaya ya koma kan madubinsa. Ya shiga karatun digiri na ƙarshen mako, ya yi shekara shida yana fama a aji ɗaya da yaran da a haife ya haife su, ya gama. A shekarar ne idonsa na hagu ya fara hazo. Likita ya ce hawan jinin ido ne, aikin ƙura ido a madubi ba zai ɗore masa ba, ya nemi abin yi tun da wuri. To me zai nema? Mutumin da ake kira Ido, in ido ya tafi me ya rage?

Sai ga sanarwa a allon asibiti. Wata gidauniya tare da jami'ar Farfesa za ta ɗauki mutum ɗaya ya yi horo na shekara biyu a can, ya dawo ya shugabanci ɗakin binciken, ya koyar, wasu su duƙa a madubi. Kamar da shi aka auna aka yanka. Sharuɗɗa uku ne. Digiri, yana da shi. Shekaru ƙasa da arba'in da biyar, saura masa wata biyar. Na uku, sunan mai nema ya kasance cikin marubutan takardar bincike ko da guda ɗaya ce.

Ni na tsaya a kansa har ya rubuta wa Farfesa, don da an bar shi kunya ba za ta bari ba. Bayan kwana biyu amsa ta shigo wayarsa, ya zauna a bencin shagona yana fassara mini, wayar kusa da idon dama. Ta ce kunya ta kama ta. Ta ce ta tambaye shi ya ce a'a, ta ɗauka matsa masa rashin girmamawa ne. Ta ce mujalla ba za ta ƙara suna a takardar da ta yi shekara shida da fita ba, sabuwa kuma sai ta ci shekara. Ta rubuta wa kwamiti wasiƙa shafi uku, ta faɗa musu wanda ya gano abin tun farko. Ihu bayan hari. Kwamiti ya amsa da layi biyu: wanda aka yi wa godiya ba marubuci ba ne, ƙa'ida kuma ɗaya ce ga kowa.

Ranar na yi faɗa kamar zan tashi shago. Na yi da Farfesa da ba ta san a tambayi mutum sau biyu ba, na yi da shugaban sashe, na yi da Baba da ke kabari, Allah ya gafarta mini ya ji ƙansa. Shi ma Yaya ban ƙyale shi ba. Na ce kunyar marar kunya asara ce, ga ta nan ya gani. Ya bari na gama, ya ce, "Ba rabona ba ne, Auta." Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, don rabonsa ne, a hannu aka miƙo masa.

Sabon likitan nan aka ɗauka, sunansa na kan takarda biyu. Kafin ya tafi ya zo wurin Yaya a koya masa ƙirga, kada ya je can ya ji kunya. Yaya ya zaunar da shi mako uku ya koya masa tsaf, har da ba shi aron littafi mai baƙin bango. Littafin bai dawo ba.

Yanzu an mayar da Yaya tagar karɓar jini, yana manna lamba a kwalabe. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana bin sahu. Har yanzu Ido suke kiransa, ba da mugunta ba, baki ne ya saba.

Makon jiya ya zo gidana da azahar, ya lalubi kujera ya zauna. Na gaishe shi, na ce, "Yaya, a kawo abinci?" Na riga na shirya faɗin ta sau uku kamar kullum.

Ya ce, "Kawo, zan ci."

Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin ya amsa a karon farko ba. Na shiga kicin na ɗauki faranti, na kasa zubawa, na tsaya ina kuka a gaban tukunya.